Kifin kori da ke rasa gashin baki: yadda aka warware matsalar wani akwatin kifi mai lita 100

Yadda akwatin yake kafin zuwan kori

Matar da wannan bayani ya shafa ta yi wata takwas tana kiwon kifin ado kafin ta san akwai wani kifi wai shi kori. Akwatinta na gilashi ne, tsawonsa santimita 80, faɗinsa 35, yana cin ruwa lita 100. A ciki akwai ƙananan kifayen tetra masu ratsin shuɗi guda 12 da gurami guda 2. An shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, irin fasasshiyar nan mai kaifin baki, girman kowace milimita 5 zuwa 8, zurfinta ya kai santimita 6. Akwai ƙaramar matatar ruwa mai soso, da hita, da shuke-shuken roba. Babu kogo, babu ice, babu inda kifi zai raɓe.

Hitar tana kan digiri 28 na ma'aunin Salshiyas. Tun a wata na uku tetra suka kamu da ciwon farin ɗigo, aka ba ta shawarar ƙara zafin ruwa, ta ƙara, ciwon ya wuce, hitar kuwa ta zauna inda aka bar ta. Sau ɗaya a wata take canza ruwa, kashi 20 cikin 100, kuma ruwan saman akwatin take kwalfa da kofi. In ruwa ya ja baya a tsakanin haka sai ta cika. Tun ranar da aka zuba tsakuwar ba a sake taɓa ta ba. Ba ta da kayan gwajin ruwa, domin ruwan garau yake, kifayen kuma suna ci.

Abin da ya dame ta shi ne ragowar abinci da ke nutsewa ya maƙale tsakanin tsakuwa, ana hango shi ta jikin gilashi yana ruɓewa. Da ta yi wa mai sayar da kifi wannan ƙorafi, sai ya ce mata akwai kifin shara, wanda aikinsa ke nan tsince ƙasa, kuma ba ya bukatar a ba shi abinci na daban. Ta sayi uku, irin da ake kira panda saboda baƙin tabon da ya kewaye idanunsu. Kowanne bai kai santimita 2 da rabi ba.

Kifin da ta saya

Kori dangin tarwada ne, amma na Kudancin Amurka, daga tsibirin Tirinidad har zuwa arewacin Ajantina. Masanin halittu ɗan Faransa, Lacépède, shi ya raɗa wa jinsin suna Corydoras a 1803, kuma nau'o'in da aka yi wa suna sun haura 150. Waɗanda suka shigo kasuwa ba a riga an yi musu suna ba, wata mujallar Jamus mai suna DATZ ta fara ba su lamba da harafin C tun 1993. A 2024 masana sun sake rarraba dangin, suka mayar da da yawa daga cikinsu ƙarƙashin wasu sunaye kamar Hoplisoma da Osteogaster, amma masu kiwo har yanzu kori suke cewa.

Ba shi da ɓawo irin na sauran kifaye. Layi biyu na faifan ƙashi ne suka rufe kowane gefe na jikinsa, sai cikinsa da ke taɓa ƙasa, wanda a yawancin nau'o'in fata ce mai laushi. Yana da ƙaya a fiffiken baya da na ƙirji, yana iya miƙe su ya kulle kamar yadda kurungu ke yi, kuma akwai ɗan dafi tare da su. Bakinsa ƙasa yake kallo, kewaye da gashin baki, wanda da shi yake shinshina da ɗanɗano. Yadda yake kiwo a rafukan ƙasarsu shi ne ya cusa kai cikin rairayi, ya ɗebi baki guda, ya tace tsutsa da ƙananan ƙwari, ya fesar da rairayin ta ƙofofin numfashinsa na gefen kai. A garke yake yawo, wani lokaci ɗaruruwa.

Akwai kuma wata halitta tasa da ta shigo cikin wannan lamari daga baya. Kori yana iya zaburowa saman ruwa ya haɗiyi iska, ƙarshen hanjinsa ya tsotse oksijin, sauran iskar ta fita ta dubura. Lafiyayyen kori yana yin haka jefi-jefi ko da ruwan yana da kyau.

Shi panda daga ƙasar Peru yake, yankin kogin Pachitea, inda ruwa ke gangarowa daga tsaunukan Andis da sanyinsa. Masana biyu, Nijssen da Isbrücker, su ne suka bayyana shi a 1971. Zafin da ya fi dacewa da shi digiri 20 zuwa 25 ne.

Rana ta 1 zuwa ta 7

Ta ɗora ledar a kan ruwan akwatin na minti 15, sannan ta juye kifayen tare da ruwan ledar. Ukun suka nufi bayan matatar ruwa suka lafe. Da rana ba sa fitowa. Da yamma sukan fito su yi ta zarya sama da ƙasa a jikin gilashi, suna cafkar iska. Ta taɓa ƙirgawa: kifi ɗaya ya hau sau 9 cikin minti 10. Ta ɗauka wasa ne, tunda an ce mata haka ɗabi'arsu take.

Abincin da take bayarwa mai yawo a saman ruwa ne, sau biyu a rana. Tetra da gurami ke cinye mafi yawansa. Wanda ya nutse yana faɗawa ramukan tsakuwa, inda bakin ɗan kifi mai santimita 2 ba ya kaiwa sai ya kutsa kai.

A rana ta 4 ƙaramin cikinsu ya mutu. Cikinsa a shafe yake, babu rauni a jiki.

Mako na 2 zuwa na 4

Wani ya gaya mata kori ba ya son kaɗaici, sai ta ƙaro uku, suka zama biyar. Waɗannan ma kai tsaye ta zuba su. Ƙarin ya yi ɗan amfani, domin sun fara fitowa da rana, suna bin juna a gaban gilashi.

A ƙarshen mako na 3 ta lura gashin bakin biyun farko ya gajarce. A mako na 4 na ɗayansu ya kusa ƙarewa, sai ɗan kututture, leɓensa ya yi fari-fari. Wani kuma ya fito da jan tabo a ciki, daidai inda yake kwanciya a kan tsakuwa. Sababbin ukun ma sun fara bin sahu. Tetra da gurami ba abin da ya same su, kuma wannan ne ya sa ta yanke cewa wata cuta ce ta kori kaɗai.

Mako na 5 da na 6: gishiri, magani, wankin matata

Da gishiri ta fara, giram 2 a kowace lita, wanda ta zuba lokaci guda. Cikin awa kaɗan kori suka daina motsi, numfashinsu ya ƙaru. Kifayen rafukan da ba su da gishiri ko kaɗan ne, kuma masu kiwo sun daɗe da sanin ba sa jure shi kamar wasu kifayen ado. Gishiri kuma ba ya bin tururi ya fita. Muddin ba a ɗebe ruwan ba yana nan, ita kuwa ciko kawai take yi.

Da kwana huɗu suka wuce ba sauƙi, ta sayi maganin kashe bakteriya irin wanda ake cewa yana maganin komai, ta zuba cikakken awo na kwana biyar. A takardar maganin an ce a tsaftace matata kafin a fara, sai ta ciro soson ta wanke shi tas a bakin famfo har ya koma fari.

Wanda bai san aikin soson nan ba zai ga ta kyauta. Kashin kifi da numfashinsa da ruɓaɓɓen abinci duk amoniya suke fitarwa, ita kuwa guba ce. Wasu bakteriya masu amfani suna mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne, domin yana hana jinin kifi ɗaukar oksijin. Wasu kuma suna mayar da naitirait ya koma naitiret, mai sauƙin illa, wanda ake ragewa da canjin ruwa. Mazaunin waɗannan bakteriya shi ne soson matata, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a sabon akwati. Kulorin da ke cikin ruwan famfo yana kashe su. Maganin da aka zuba bayan wankin ya taɓa waɗanda suka tsira.

A rana ta uku da fara magani ruwan ya yi hazo. Kori mai jan tabo ya mutu a rana ta biyar. Saura huɗu. A karon farko tetra ma suka taru a saman ruwa suna haki.

Mako na 7: gwajin farko da babban canjin ruwa

Sai a nan ta sayi kayan gwaji, irin na ɗiga ruwan magani a kwalba. Ga abin da ta samu, a ma'aunin miligiram cikin lita: amoniya 0.5, naitirait 0.5, naitiret 80. Ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, ya nuna 6.0. Ta gwada ruwan famfonta: amoniya babu, naitirait babu, naitiret 5, pH 7.4.

A lafiyayyen akwati amoniya da naitirait sifili suke, naitiret kuma ana so ya tsaya ƙasa da 20 in akwai kori a ciki. Ratar da ke tsakanin 6.0 da 7.4 ita ma tana da labari. Aikin bakteriyan matata yana cinye sinadaran da ke hana ruwa tsami, a hankali, wata bayan wata. In ba a sabunta ruwa sosai, tsami yana ƙaruwa, kifayen da ke ciki suna sabawa da shi kaɗan-kaɗan ba a sani ba. Tsofaffin mazauna sun saba. Baƙon da aka kawo daga wani ruwa shi ke shan wahala.

Da ta ga lambobin hankalinta ya tashi, ta kwashe kashi 80 cikin 100 na ruwan a yammaci ɗaya, ta cika da sabo. Ta sa maganin kashe kulorin, ta kuma daidaita zafin. Bayan awa ɗaya pH ya koma 7.2. Washegari tetra biyu da kori ɗaya suka mutu. Saura kori uku, tetra goma, gurami biyu.

Naitiret ya sauka zuwa 20 bayan canjin. Bayan kwana bakwai, ba tare da ta ƙara abinci ba, ya koma 40.

Mako na 8 zuwa na 10: abu ɗaya bayan ɗaya

Ta kai lambobinta da hotunan kifayen wurin wani dattijo da ya daɗe yana kiwon kori. Bai tambaye ta wane magani ta sa ba. Tambayoyinsa uku ne: nawa ne zafin ruwan, yaushe rabon da a zuƙe tsakuwa, kuma me kori suke ci. Sannan ya ce ta yi wani ɗan gwaji kafin komai: ta tura siririn tiyo har gindin tsakuwar, ta zuƙo kofi ɗaya, ta ajiye kusa da kofin ruwan saman akwatin.

Na saman akwatin garau. Na gindin tsakuwa baƙi ƙirin, da wari irin na kwata. Da dattin ya kwanta ta gwada ruwan da ya taso, amoniyarsa ta ninka ta ruwan saman akwatin. Duk gwajin da ta yi a baya daga saman akwati ta ɗebo, wurin da tetra ke zama. Kori kuwa a santimita biyun ƙasa yake kwana yake wuni, kansa a cikin ramukan nan.

Tsarin da ya ba ta ba shi da magani ko ɗaya a ciki. Kowace rana ta canza kashi 10 zuwa 15 cikin 100, ba ƙari, kuma ta riƙa ɗebo ruwan ta tiyon zuƙar datti, tana bin tsakuwar yanki-yanki, kada ta birkita duka a rana ɗaya. Kada ta sake taɓa soso sai ruwa ya daina wucewa, in ma za ta wanke, ta matse shi sau biyu ko uku cikin bokitin ruwan da ta ɗebo daga akwatin. Ta rage abincin kifayen sama zuwa sau ɗaya a rana. Ta sa famfon iska. Ta riƙa sauke hita digiri ɗaya duk kwana biyu har ta kai 24.

Batun zafin yana da fuska biyu. Ruwa mai digiri 24 yana iya riƙe oksijin kusan miligiram 8.4 a lita, mai digiri 28 kuwa kusan 7.8. Bambancin ba shi da yawa a takarda, amma zafi yana hanzarta jikin kifi, ya ƙara masa bukatar iska da abinci a daidai lokacin da iskar ta ragu. Bakteriyan da ke ruɓar da datti su ma suna cin oksijin, kuma a ƙasa suke ci. Tetra masu ratsin shuɗi ma sun fi son digiri 24 a kan 28, saboda haka ba wanda aka ƙwara.

Sakamako na farko da ya bayyana shi ne na hawa sama. Kwana uku bayan sa famfon iska, zafi yana 26, kifi ɗaya ya hau sau 2 cikin minti 10. Da zafi ya kai 24 sai a yi minti 20 ba a ga ko ɗaya ya hau ba. Amoniya ta koma sifili a rana ta 8 da fara tsarin, naitirait a rana ta 12. Naitiret ya tsaya tsakanin 15 da 20. pH ya zauna a 7.0.

Abinci kuma ta koma sayen na musamman mai nutsewa, tana jefa ƙwaya biyu a kan wani ɗan faranti da ta ajiye a ƙasan akwatin, bayan an kashe fitila, lokacin da tetra suka lafa. Sau biyu a mako tana ba su daskararriyar jar tsutsa. Abin da ya rage bayan awa ɗaya tana zuƙe shi. A mako na 10 cikin kowanne ya ciko, jan da ya fara fitowa a cikin ɗaya ya dushe. Gashin baki bai tsiro ba, amma ya daina raguwa.

Mako na 11 da na 12: tsakuwa ta fita, rairayi ya shiga

Zuƙar yau da gobe ta rage dattin, amma tsakuwa mai zurfin santimita 6 da manyan ramuka ba ta daina tara sabo ba. Aka yanke a canza ta. Ba a yi a rana ɗaya ba, domin wani kaso na bakteriya masu amfani yana jikin tsakuwar, matatar kuma ba ta daɗe da farfaɗowa ba.

A mako na 11 ta kwashe rabin hagu, ta sa ɗan shingen roba, ta zuba rairayi mai laushi, ƙwayarsa ba ta wuce milimita ɗaya ba, wanda ta wanke a bokiti har ruwan ya daina gurɓata. Gwajinsa mai sauƙi ne: in an murza shi tsakanin yatsu bai karce ba, ya yi. Zurfinsa santimita 2 zuwa 3 kawai, saboda rairayi mai zurfi yana toshewa a ƙasa, iska ta daina shiga, ya fara baƙi da wari. Ta gwada ruwa kowace rana na kwana bakwai, amoniya da naitirait ba su motsa ba, sai ta kwashe rabin dama. Ta ƙara kututturen ice da aka tanada don akwatin kifi, da rabin tukunyar ƙasa a kife, da shuke-shuke masu rai irin waɗanda ake ɗaurewa a jikin ice.

A makon da akwatin yake rabi da rabi, kori ukun a ɓangaren rairayi suka tare. Nan ta fara ganin abin da ba ta taɓa gani ba tun da ta saye su: kifi ya nutsa kai har idanu, rairayi yana fita ta gefen kansa. Datti kuma ya daina ɓuya. A kan rairayi yake zama a fili, tiyo ya bi ta sama ya ɗauke.

Daga nan canjin ruwa ya koma kashi 30 cikin 100 sau ɗaya a mako.

Mako na 13 zuwa na 20: tsirowa da sabon zaɓe

A mako na 15 aka fara ganin siraran fararen tsinke a bakin biyu daga cikin ukun. A mako na 20 gashin bakinsu ya kai kusan kashi biyu cikin uku na tsawonsa na asali. Na ukun, wanda nasa ya cinye har saiwa tun mako na 4, bai tsiro ba. Yana ci, yana bin garke, sai dai ya fi sauran jinkirin gano abinci, don haka take ajiye masa ƙwayarsa kusa da tukunyar da yake kwana.

Uku ba garke ba ne, shida ne mafi ƙarancin abin da masu kiwo ke ba da shawara. A wannan karon ta zauna ta yi tunanin irin da za ta ƙaro, kuma da ma'aunin zafi ta fara, ba da kyan launi ba. Da ta so barin akwatin a digiri 28, wanda ya dace shi ne sterbai, na kogin Guaporé da ke tsakanin Birazil da Bolibiya, mai fararen ɗigo a kai da ƙayar ƙirji ruwan lemo, wanda ke jure 24 zuwa 28. Da akwatin ba shi da hita a ɗaki mai sanyi, sai paleatus mai dabbare-dabbare, wanda masanin halittu Charles Darwin ya kwaso a tafiyarsa ta jirgin Beagle, aka bayyana shi a 1842, kuma wani mai kiwon kifi ɗan Faransa, Carbonnier, ya hayayyafa shi a Faris tun 1878. Mai neman wanda ya fi jure kuskuren sabon shiga, aeneus ne mai ruwan tagulla, wanda ke kai santimita 6 zuwa 7, kuma yawancin fararen kori masu jan ido da ake sayarwa shi ne. Ga ƙaramin akwati akwai pygmaeus, wanda bai wuce santimita 3 ba, kuma ya fi yawo a tsakiyar ruwa a kan ƙasa. (Wanda ake liƙa wa sunan julii a wurin masu sayarwa, galibi trilineatus ne. Na gaskiyar ɗigo ne a kansa rarrabe, na biyun kuwa ɗigon ya haɗe ya zama zane. Kiwonsu ɗaya ne, sunan ne kawai ba daidai ba.)

Panda ta sake zaɓa, domin kori ya fi sakewa da irinsa, kuma ruwan yanzu ya dace da shi. Abin da ya canza shi ne yadda ta zaɓa. Ta ƙi ƙanana, ta nemi waɗanda suka kai santimita 3, tunda ƙananan panda da aka yi doguwar tafiya da su ba su da kitsen da za su jure yunwar kwana kaɗan. Ta tambayi yaushe suka iso, ta jira sai da suka yi mako biyu a wurin mai sayarwa. Ta tsuguna ta dubi kowanne daga ƙasa: gashin baki cikakke, ciki a cike ba a lotse ba, idanu ba su faɗa ba, fiffike a miƙe, babu ja a ciki. Akwatin da ta ga mataccen kifi a ciki ta wuce shi. Ta roƙi a kama su da kofi maimakon raga, saboda ƙayarsu tana sarƙewa a raga, a kuma raba su leda biyu da iska mai yawa. Dalilin rabawar shi ne kori in ya firgita a ƙaramin ruwa yana iya sakin dafinsa, ruwan ya yi kumfa, ya kashe kansa da abokan tafiyarsa. Saboda haka ma ba ta juye ruwan leda cikin akwati ba.

Shida ta saya, ta killace su mako huɗu a wani akwati mai lita 30, da siririn rairayi da soson da ta jiƙa mako biyu a cikin babbar matatar. Ɗaya ya mutu a kwana na uku ba tare da wata alama ba. Biyar suka shiga babban akwati a mako na 20. Garke ya zama takwas.

Wata na 9

Gwajin mako-mako ya tsaya a wuri ɗaya: amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret 10 zuwa 15, pH 7.2, zafi 24. Ba a sake rasa kifi ba tun mako na 7 a babban akwatin.

A farkon wata na 9 da zuwan kori ta yi canjin ruwa da ruwan da ya ɗan fi na akwatin sanyi, zafi ya sauka zuwa 22. Washegari da safe maza biyu suka dinga bin wata mace mai faɗin ciki. Namiji ya gitta a gabanta, ta sa baki a gefen cikinsa, suka yi siffar harafin T. Ta haɗe fiffikenta biyu na ciki kamar aljihu, ta saki ƙwai a ciki, ta je ta manna a ƙarƙashin ganye. Haka suka yi ta maimaitawa har rana ta ɗaga. Saukar zafi bayan sabon ruwa yana kama da shigowar damina a rafukansu, kuma masu hayayyafar kori da gangan suke yin haka. Ita ba da niyya ta yi ba.

Ƙwai 14 ta samu, ta murgino su da yatsa zuwa ƙaramin akwati, domin iyayen da tetra duk suna cin ƙwai. Guda 9 suka ƙyanƙyashe a rana ta 4 da ta 5. Biyar suka kai wata biyu. Macen da ta yi ƙwan tana cikin biyun da gashin bakinsu ya sake tsirowa.

Abin da lamarin ya nuna

Kifayen nan ba wata baƙuwar cuta suka zo da ita ba. Bakteriyan da suka ci gashin bakinsu suna nan a kowane akwati, kuma ba sa samun ƙofa sai fata ta ji rauni, jiki ya raunana. Abu huɗu ne suka haɗu suka buɗe ƙofar: ƙasa mai datti, zafin da ya wuce na irinsu, yunwa, da ruwan da ya tsufa. Uku daga cikin abubuwa huɗun nan, tetra ba sa jin su sosai, shi ya sa akwatin ya yi kama da lafiyayye wata takwas.

Masu kiwo suna gardama a kan ko kaifin tsakuwa ke cinye gashin baki ko datti. A wannan akwati raguwar ta tsaya a mako na 10, tsakuwar tana nan, bayan an zuƙe datti an gyara ruwa an fara ciyar da su a faranti. Tsirowa kuwa sai bayan rairayi ya shiga. A ganina datti ne babban mai laifi, tsakuwar kuma ta yi laifi biyu: ita ta ɓoye dattin, ita ta tilasta wa kifi kutsa baki tsakanin kaifafan duwatsu don neman abin da ya ruɓe. Tsakuwa ƙanana masu santsi da ake zuƙewa kowane mako da ba ta yi wannan ɓarna ba, amma da kifin bai samu damar tace ƙasa yadda halittarsa take ba.

Cikin kori uku da suka mutu a babban akwatin, ɗaya ne kawai za a ɗora wa halin da akwatin yake ciki tun farko, wato na rana ta 4, ƙarami mai yunwa da aka jefa cikin ruwa mai zafi da tsami. Sauran biyun, da tetra biyu, a lokacin neman magani suka tafi. Gishiri ya ƙara musu nauyi. Wankin soso da maganin bakteriya sun rushe matatar da ke aiki lafiya, suka haifar da gubar da babu ita a da. Babban canjin ruwa niyyarsa daidai ce, girmansa ne ya yi yawa ga kifin da ya saba da pH 6.0. Da ruwan akwatin yana kusa da na famfo, kamar yadda yake a akwatin da ake canza wa ruwa kowane mako, kashi 80 da bai kashe kowa ba.

Ba cewa ake magani ba shi da wuri ba. Kori mai buɗaɗɗen rauni da ke yaɗuwa yana iya bukatarsa, amma a akwatin killacewa, nesa da babbar matata, kuma bayan an gwada ruwa. A nan an sa gwaji a mako na 7, alhali shi ya kamata ya riga sayen kifin. Alamar farko ma ta bayyana tun makon farko, hawa sama sau 9 cikin minti 10, sai dai sanin cewa kori yana haɗiyar iska ya sa aka ɗauke ta ɗabi'a.

Maganar mai sayarwa cewa kifin shara ne ita ta jawo yunwar. Kori yana tsintar abin da ya faɗo, amma ba ya cin kashi, ba ya cin ruɓaɓɓen abu, ba ya kankare gansakuka, kuma shi ma yana ƙara wa matata aiki kamar kowane kifi. Ragowar abincin da ta kai ƙorafinsa tun farko, rage awon abinci da tiyon zuƙa ne suka kawar da shi. Panda da aka kula da shi yana wuce shekara biyar. Da manya takwas da ƙanana biyar masu tasowa, filin ƙasa mai santimita 80 da 35 ya kusa cika, saboda haka ta ƙara canjin ruwa zuwa kashi 40 cikin 100 a mako, ta kuma cire hannu daga kwashe ƙwai har sai ta samu akwati mafi faɗi.